Jan Biro A Kan Sunan 'Yar Legas

Litinin, 6 ga Mayu 1991, bayan la'asar

Na zaro littafin nan daga tarkacen lakwal, wato makaranta, na ɗana Kamaludeen, don in ban zuba maganar nan a takarda ba, a kan mutum zan zuba ta. Bokon da na koya a ajin matan aure, a wani zaman baƙunta da na yi a Agege, yau ya yi mini rana.

'Yar Legas ta dawo daga jami'a da azahar, alhali ba ranar zuwanta ba ce. Ita ce 'yata ta fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayanmu ba, ba kuwa wanda ya ce ba ta ƙaunarsa. Da aka yaye yarinyar, yayata Ramlatu ta zo ta ɗauke ta zuwa Agege ta Legas, ƙetaren iyaka, kamar yadda ake yi, ta riƙe ta shekara bakwai. Da ta dawo Zongo, ni na laƙaba mata 'Yar Legas don in samu abin kiranta in tuwo ya nuna. Ita kuma Tanti take ce mini, wato Anti. Ramlatu ce Innarta.

Ta tsaya a kaina ina wanke tanda, ta ce an ja wa sunanta jan biro a jerin masu karɓar bursi, kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibi duk wata ya ci abinci ya kama ɗaki. Tun da aka yi babban taron nan na ƙasa aka ce mulki ya dawo hannun jama'a, kowa ya zama mai bincike. An kafa wani kwamiti yana tace dosiye, wato fayil ɗin takardun ɗalibai. Doka ta ce sai ɗan ƙasa wanda uwarsa ko ubansa ke zaune a ƙasar nan, da shaida a rubuce. Ita kuwa takardar farko a dosiyenta daga makarantar Agege ta fito, kuma a wurin sunan uwa Ramlatu aka rubuta. A gida aka haife ta, ba takardar asibiti. Shekara da shekaru ba wanda ya ɗaga shafin, sai bana da saura mata shekara ɗaya ta gama.

Na ce mata wannan ai ƙaramin abu ne, gobe zan je wurin delege, mai unguwarmu. Ta dube ni wani irin kallo, ta shige ɗaki.

Talata, 7 ga Mayu, da hantsi

Malam Muhuyi, delegen unguwarmu, mutum ne da in ka ce masa ina kwana sai ya duba rajista kafin ya amsa. Na same shi a shagonsa da kofin shayi da tabarau a kan hanci. Ya buɗe rajistar unguwa ta shekarar ƙidaya, ya bi layi da yatsa, ya karanta mini gidanmu: maigida ɗaya, mace ɗaya, 'ya'ya uku.

Huɗu gare ni. Amma na tuna ranar. Shi ɗin ne ya shigo da biro a kunne ya tambaye ni 'ya'ya nawa, surukata na zaune a tabarma tana tsintar wake. Da wane bakin zan ƙirga ta fari a gaban uwar mijina? Na ce uku, na lissafo Kamaludeen da ƙannensa biyu. Surukata ta gyaɗa kai, ta ji daɗi an samu mai kunya a gidan ɗanta.

Na ce ya ƙara layi ɗaya, ai ya san gaskiya, har naman ragon sunanta ya ci, kuma ba kaɗan ba. Ya cire tabarau ya ce: "Yalwa, wannan da ne. Yanzu demokarasiya ake. In na ƙara layi ɗaya, gobe jarida ta ce Muhuyi na sayar wa 'yan Najeriya papiyen zama ɗan ƙasa."

Ban san lokacin da kofin ya bar teburi ba. Na ga dai shayi na gangara a bango, shi kuma ya rungume rajista a ƙirji kamar jariri. Kakana a garin nan aka binne shi, tun Zongo bai wuce bukkoki ashirin ba, yau ni ake kira 'yar Najeriya.

Alhamis, 9 ga Mayu, da magariba

Ruwa tun safe. Lungunmu ya zama kogi, ƙullu ya yi tsami, waina ta ƙi tashi.

Asabar, 11 ga Mayu, da azahar

Kwamiti ya turo mutum unguwa, wani siriri da jakar fata da takalmi a hannu saboda taɓo. Bai shigo gidanmu ba. Ya bi maƙwabta da hotonta yana tambaya ko sun san ta. Mai kanti ya ce ai 'Yar Legas ce. Mai gyaran keken ɗinki ya ce 'Yar Legas. Matan famfo suka haɗa baki suka ce 'Yar Legas, har wata ta ƙara da cewa yarinya ce mai hankali, sai ka rantse a nan aka haife ta. Duk alheri suke nufi, 'yan banza. Mutumin ya rubuta, ya yi godiya, ya hau zemijan, babur ɗin haya, ya tafi.

Ba wanda ya ƙirƙiro sunan nan sai ni.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan la'asar

An yi abin da ba na son rubutawa.

Ina dakan shinkafa ta zo ta tsaya a bakin turmi. Ta ce ranar ƙidaya tana nan a tsakar gida tana wanke kwanuka, shekararta goma, da kunnenta ta ji na ce uku. Ta ce ta jira in ce na yi mantuwa, ban ce ba. Na ce mata al'ada ce, kowa ya sani. Ta ce al'adar ba ta hana ni kiran Kamaludeen sau ɗari a wuni ba, har kazar gidan nan tana da suna a bakina.

Na ce ta rufe mini baki. Ba ta rufe ba. Ta ce: "Tanti, ki faɗa sau ɗaya kawai, a nan, ba kowa. In kin sani."

In na sani. Ni da na yi kwana biyu a durƙushe ina naƙudarta. Na ajiye taɓarya, Allah ya taimake ni na ajiye ta tukuna. Da hannun dama na kai marin. Tana tsaye gabana, saboda haka kowa ya san ɓangaren da ya samu. Ƙarar har kajin suka watse. Ba ta yi kuka ba. Ta dafe wurin, ta ɗauki jakarta ta koma jami'a ko sallama babu.

Tafin hannuna har yanzu zafi yake.

Laraba, 15 ga Mayu, da asuba

Shiru daga gare ta. Maigidana, Baban Kamaludeen, na hanyar Malanville da motar kaya, sai ƙarshen mako mai zuwa.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Kowa da abin da yake faɗi. An ce waɗanda aka ja wa jan biro sun kai saba'in, kusan duk 'ya'yan bakin iyaka ne da 'ya'yan zango-zango. An ce sun kafa zama a ƙofar ofishin kwamiti. An ce sauran ɗalibai sun rabu biyu, wasu na tare da su, wasu na cewa baƙi ne suka cinye musu rabo tun zamanin mulkin da ya wuce. Direbobin tasha da ke sayen waina a wurina sun ce jiya an fasa gilashin mota a mahaɗar Sainte-Rita saboda lambarta ta Legas ce. Mai motar haifaffen Vêdoko ne, nan cikin garin.

Wani ya ce a gabana, yana cin wainata, wai gaskiya dai a bincika, 'yan Zongo ba a san inda kowa ya fito ba. Na karɓe faranti daga hannunsa na juye wa kare. Ya tashi zai yi magana, na ɗaga cokalin mai daga wuta. Ya tuna yana da uzuri.

Talata, 21 ga Mayu, da magariba

An kawo ta.

Wata abokiyar karatunta, Aïssata, ita ta riƙo ta a kan zemijan, su uku da mai tuƙi. Ɗankwalin da aka ɗaure mata kai da shi ba a gane launinsa. Jini ya bi wuya ya shiga riga ya bushe. Aïssata ta ce wasu sun zo da bel da ƙafafun kujeru suka faɗa wa masu zaman, aka yi ta jifa, jandarma suka zo da kulake suka bi kowa da kowa. Ba ta ga wanda ya buge ta ba, ko kuma ta gani ba ta son faɗi. Na matsa mata, ta ce: "Maman, ku bar shi. In an faɗa, gawa za a ɗauka."

Ɗinki tara a wani ƙaramin asibiti a Saint-Michel. Bayan kunnen hagu. Na riƙe ƙafafunta ana ɗinki, ta cije zane, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Mai rubuta kati ya tambayi sunan mara lafiya, na juya na kalli Aïssata, ita ta faɗa. Ya tambaye ni ko ni wace ce. Na ce daga gidanmu take.

Ina son in samu wanda ya yi wannan in zuba masa man tanda a fuska. Na faɗa a raina, na faɗa a sujada, yanzu na rubuta.

Alhamis, 23 ga Mayu, da hantsi

Likita ya haska kunnen ya ce dodon ya fashe, da wuya ya dawo. Ya ce akwai sabon rauni, akwai kuma alamar wanda ya riga shi da 'yan kwanaki. Ya tambaya ko ta faɗi kwanan baya. Ta ce e, ta faɗi a banɗaki.

Ban ci komai ba yau.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Baban Kamaludeen ya iso da azahar. Ya shiga ɗaki ya ga kan 'yarsa a naɗe, ya fito. Mutumin nan shekara ashirin da huɗu muna tare, ko akuya ban taɓa ganin ya daka ba, ni ce mai hayaniyar gidan. Ya tambaye ni daga ina abin ya faro. Na ba shi labarin rajista da abin da Muhuyi ya ce. Labarin Lahadi ban ba shi ba.

Ya je motarsa ya ɗauko ƙarfen cire taya. Na bi shi a guje ba mayafi, taɓo har gwiwa, ina kira ana kallona. Kafin in kai ya ɓalle ƙofar shagon Muhuyi, ya raba teburin biyu. Muhuyi ya ɗaga hannu ya kare rajistarsa, ƙarfen ya sauka a kan hannun. Na ji ƙarar ƙashin daga bakin titi. Sai da maza biyar suka danne shi. Yana ƙasa fuska a taɓo yana ta faɗin sunanta, yana cewa 'yarsa ce, a rubuta. Shi ya iya faɗi. Ni ina tsaye.

Yana tsare a kwamisariya, ofishin 'yan sanda, yanzu. Sun ce sai bayan babbar sallah zai ga alƙali.

Lahadi, 26 ga Mayu, da azahar

Na kai masa abinci, suka caccaka tuwon da cokali suna neman abin da ban sa ba. Leɓensa ya kumbura, ido ɗaya a rufe. Ya ce ba komai, faɗuwa ya yi. Gidanmu kowa faɗuwa yake yi kwanan nan.

Talata, 28 ga Mayu, da magariba

Rabin unguwa ba sa gaishe ni saboda Muhuyi, rabin kuma na zuwa su yi mini kirari, su ne suka fi ba ni haushi. Samarin tasha sun zo sun ce in ba su izini su je jami'a da adduna. Na ce wanda ya ɗaga adda da sunan gidana, ni zan fara sare shi da ita. Kamaludeen na cikinsu. Na kulle shi a ɗaki na sa makullin a lalitata.

An ce duk da haka wasu sun tafi. An ce wani ɗalibi ya rasa yatsu biyu. Ban tambaya ba, ba na son sani.

Alhamis, 30 ga Mayu, da hantsi

Aïssata ta kawo takarda daga kwamiti, ta karanta mini da Hausarta ta Parakou. Saboda rikicin, sun buɗe ƙofa ɗaya ta ƙarshe. Wanda ba shi da shaida a rubuce, uwarsa ko ubansa ya zo da kansa da katin ɗan ƙasa, da mutum ɗaya da ya ga haihuwar, ya tsaya gaban kwamiti ya faɗi sunan ɗan da bakinsa, ya rantse shi ya haife shi. Ranar Juma'a 14 ga Yuni. Bayan ranar an rufe.

Uban yana kulle. Na tambaya ko ba za a karɓi dangwalen yatsa ba, in dangwala a ƙarƙashin sunan in tafi. Aïssata ta ce a'a, da baki suka ce. Mai ciwon na kwance tana jin mu da kunne ɗaya. Ta yi wata 'yar dariya ta juya ga bango.

Asabar, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Saƙon Yaya Ramlatu ya iso ta bakin wani direban Agege. Ta ji komai. Ta ce tunda ƙasar ta ƙi ta, takarda ta ce 'yarta ce, unguwa ta ce 'yar Legas ce, to a mayar mata da abarta. Mijinta zai nema mata gurbi a can ko da daga farko za ta fara. Ta ce motar direban na komawa ranar 15 ga wata, a sa ta a ciki.

Na zagi direban, bawan Allah da ba ruwansa, har ya manta hularsa. Da na shiga ɗaki na tarar ta jawo jakar nan mai ratsi-ratsi daga ƙarƙashin gado tana ninke kaya.

Ranar da Ramlatu ta ɗauke ta tana 'yar shekara biyu, ina bayan ɗaki ina tankaɗe, ban fito ba, don ba a fitowa. Na ji kukanta har ya ɓace a kwanar masallaci. Nonona ya yi sati yana zuba. Ba wanda na gaya wa, aka yi ta yabona. In ta shiga motar nan wannan karon da ƙafarta za ta shiga, kuma na san ba za ta dawo ba. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai.

Litinin, 3 ga Yuni, da asuba

Na gwada ni kaɗai a gaban murhu kafin gari ya waye. Harafin farko ya fito, sauran ya maƙale. Sai na ji kamar surukata na zaune a bayana da wakenta, ita da ta shekara shida a ƙasa.

Laraba, 5 ga Yuni, da azahar

Na je wurin Baba Lantana, ungozomar da ta karɓi haihuwar. Ta tsufa, idonta ya yi hazo, amma bakinta na nan da kaifinsa. Ta ce za ta je ko a baro ne. Ta ce ta tuna ranar sarai, ita ta binne mabiyiya a gindin katangarmu ta gabas, in kwamiti na so su zo da fartanya.

Na ce mata matsalar ba ita ba ce. Ta ce ta sani, duk Zongo an sani. Na ce ita ma ai ba ta kiran nata na fari. Tana murza carbi ta ce ta kira shi sau ɗaya, ranar da aka shigo da shi daga hatsarin hanyar Bohicon a naɗe cikin tabarma. Ta ce ta yi ta kira har muryarta ta dushe.

"Bai amsa ba, Yalwa. Kuma da yake bai san muryata da sunansa ba, ko a can ban san yadda zai gane ni ce ba."

Na dawo gida na fasa tulu da gangan.

Asabar, 8 ga Yuni, da magariba

Jakar na bakin ƙofa a ɗaure. Duk wanda zai fita sai ya tsallake ta. Na yi tuntuɓe da ita sau biyu, na ƙi matsar da ita, ita ma ta ƙi.

Talata, 11 ga Yuni, da hantsi

An cire zaren ɗinkin tun makon jiya, amma in an yi magana ta hagunta ba ta juyowa. Na gwada da murfin tukunya.

Alhamis, 13 ga Yuni, bayan la'asar

Ta ce mini ba sai na wahalar da kaina gobe ba, ta riga ta yafe bursin. Na ce ban tambaye ta ba, ta goge rigarta. Na wanke zanena na fita, na nemo katina a ƙasan akwati. Hoton da ke jiki wata yarinya ce mai sanyin fuska, ban san inda ta tafi ba.

Juma'a, 14 ga Yuni, da magariba

Mun tafi mu uku a tasi, Baba Lantana a gaba tana yi wa direba faɗa a kan gudu. A ƙofar ofishin kwamiti, jandarma sun yi layi, bayansu taron ɗalibai na ihu da Faransanci. Kalma ɗaya na gane, baƙi. Wani ya jefo dutse ya samu Baba Lantana a kafaɗa. Na sunkuya na ɗauki dutsen, na ga yaron da ya jefo, ya yi sa'an Kamaludeen, na auna goshinsa. Sai na ji an riƙe mini hannu. 'Yar Legas ce. Ta ce: "Tanti, in kin jefa ku biyu za ku zama a kulle." Na saki dutsen, amma na haddace fuskarsa.

A ciki mutum uku ne a teburi, mace a tsakiya da farin gashi, da wani tafinta ɗan Djougou. Suka duba katina, suka duba ni. Baba Lantana ta ba da shaidarta har da abin da ba a tambaye ta ba, har da katangar gabas da fartanya, sai da matar ta danne dariya. Sannan aka ce in tashi. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ni da 'Yar Legas, muna fuskantar teburin.

Tafinta ya ce wace ce wannan a wurina. Na ce 'yar gidanmu ce. Ya ce ba haka ake so ba. Na ce ni na haife ta. Wannan ma ban taɓa faɗi a gaban mutane ba. Ya ce saura suna.

Aka fasa gilashin taga daga waje, kwalba ta watsu a ƙasa, jandarma ya leƙo ya koma. Matar ba ta ko motsa ba, biro a hannu tana jirana.  Baba Lantana ta miƙo hannu daga kujera ta mintsine ni a cinya, mintsinin da ta yi mini ranar naƙuda da na ce na gaji. Na faɗa. A hankali ya fito, amma ya fito duka, har da sunan ubanta, shi ma ban taɓa kira ba. Tafinta ya maimaita wa matar, ta rubuta, ta buga hatimi. Ta ce ranar Litinin sunan zai koma jeri.

Na juya in ga fuskar 'yata. Tana kallon gaba, fuskar nan ba komai a kanta, tana jira. Sai a lokacin na lura da inda na tsaya. A hagunta nake.

Muka fito ta ƙofar baya saboda taron. Ana yayyafi. Baba Lantana ta zauna a kan wani bulo tana haki. Ita kuma ta tsaya da takardar mai hatimi a hannu tana juya ta, ta ce ta ga an buga hatimi, ta ji tafinta ya faɗa, amma ba ta ji ni ba. Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta ce: "Ba komai, Tanti. An dai samu takardar."

Da ta zage ni ya fi mini sauƙi. Kwamiti ya ji, tafinta ya ji, har jandarman bakin ƙofa ya ji, ita kaɗai ce ba ta ji ba, kuma na san hannun da ya fara taɓa kunnen nan. Na zagaya ta bayanta, na taka cikin kwata ban kula ba, na tsaya a damanta. Ta fi ni tsawo, sai da na yi ɗage.

Na ce: "Mas'uda, zo mu tafi gida."

Ba ta motsa ba. Ruwa na sauka a kan takardar, na karɓe na sa a cikin zane. Can ta ce, "Na'am," da irin muryar da ban taɓa ji a bakinta ba, ƙarama, kamar ta 'yar shekara goma.

Asabar, 15 ga Yuni, da asuba

Direban Agege ya yi ham sau uku a bakin lungu. Na fita na miƙa masa hularsa da ƙunshin waina ya kai wa Yaya Ramlatu, na ce ya gaishe ta.

Jakar na nan bakin ƙofa, ba a kwance ta ba tukuna. Uban na kulle, hannun Muhuyi na cikin filasta, kunnen ba zai dawo ba. Mas'uda na barci, ta kwanta a kan hagu, kunnen dama na sama. Ƙullu ya tashi. Bari in je in tashe ta.